Yasmin Ɗin Inna

Har in koma ga Mahaliccina, bazarar da uwar mijina ta kwanta ciwo ba za ta fita daga raina ba.

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano aka kai ni gidansu, can wajen Ƙofar Wambai, gidan Larabawa fatake. Inna, kamar yadda muke kiranta, daga Tarabulus aka kawo ta tana amarya, ta taho da ɗan reshen yasmin cikin tulu a kan raƙumi. Ta dasa shi a ƙofar ɗakinta, kusa da wani faffaɗan dutse. Ni kuwa da na zo, raina abin na yi. Itacen da ba a miya da shi, akuya ma ba ta samu, ina amfaninsa? Da yamma dai in ya buɗe fararen furanninsa, ƙamshin har zaure.

Da ciwo ya kayar da ita, hankalin kowa ya koma ɗakinta. Rannan ta ce in ɗaga mata asabari ta ga waje. Ina ɗagawa na ji ta yi salati. Ganyen yasmin ɗin duk ya yanƙwane, rabi ya zube. Ga shi ayarin hamada ya ɗauke ƙafa, in wannan ya mutu babu mai kawo wani.

Na ce, "Inna, wai a da wane ne yake ba shi ruwa?"

Ta yi murmushi, hawaye na bin kuncinta. "'Yar nan, a kan dutsen can nake alwala. Tun da na koma taimama, shi ma ya koma taimama."

Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ba wanda ya taɓa lura.

Na ɗauko buta, amma na tsaya turus. Ina ni ina hawa mazaunin surukata?

Ta ce, "Zauna mana. Kunyar ta isa haka."

Tun daga ranar kowace salla a nan nake alwala, ita kuma tana daga kwance tana ba da umarni. "A hankali! Ke komai naki da gaggawa, kamar ana korar ki." Har haushi nake ji, in dawo ina dariya.

Ana gab da saukar damina ya yi toho, ya fitar da 'yan furanni. Na tsinko na zuba mata a tafin hannu. Ta daɗe tana shinshinawa, idonta a rufe, sannan ta ce, "Haka tsakar gidanmu take da magariba." Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Ba ta ga ƙarshen daminar ba, Allah Ya jiƙanta.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka gani yana raye a gida, akwai mai shayar da shi shiru. A neme shi a gode masa tun yana tsaye da ƙafafunsa.