Tiyon Ƙarfe a Fiffiken Hagu

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Karatuna aji huɗu ne, na biyar ta taga na yi shi. Amma na daɗe ina haɗa wutar gidaje a Maraɗi kafin in zo Riyad aikin tuƙi, kuma a ganina duk wanda ya taɓa saka ƙwan fitila a zaure ya isa ya ba injiniya shawara.

Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, tsohon matuƙin jirgin sama ne, Kaftin kowa ke ce masa. Da ya ajiye aiki, maimakon ya sayi raƙuma kamar sauran dattawan kirki, sai ya yi odar jirgi a cikin akwatuna, ya ce da hannunsa zai haɗa a rumfar gonarsa ta bayan gari. Kujera biyu, farfela ɗaya. Shekara uku ina miƙa masa sukudireba, ina cewa "Mashallah" a inda ya dace.

Aiki ya zo kan fitilun bakin fiffike, kore a dama, ja a hagu. Wayar kowace fitila tana bi ta cikin tiyo, tiyon kuma yana ratsa haƙarƙarin fiffiken ta wasu ramuka masu zoben roba. Na dama shi ya yi ina kallo. Sai tafiya Jidda ta taso masa.

Ya ce, "Ya Hajji, ba kai ne mai wutar Maraɗi ba? Ga tiyo, ga waya. Yi na hagu yadda ka gani."

Na ɗauki tiyon nan na juya. Baƙar roba ce, babu nauyi, kamar tsinken shan lemo. Kuma da safen nan na ga kashin ɓera a bayan buhunan dabino. To, a garinmu ba a zaɓen tiyo don kyau, ɓera ake dubawa. Na taɓa ganin ɓera ɗaya ya jefa gidan suna cikin duhu ana tsakiyar rabon tuwo. Na ce a raina: wannan bawan Allah ya san sama, amma bai san ɓera ba.

Na gangara kasuwar Batha na nemi tiyon ƙarfe mai lanƙwasa, irin na injin famfo. Mai shago ya ce, "Gida ne ko kanti?" Na ce, "Jirgi." Ya yi dariya har ya aika a kawo mini shayi.

Tiyona ya ƙi shiga ramukan. Na kwance ƙananan murafan da ke ƙarƙashin fiffiken, na zura hannu na ɓamɓare zoben robar ɗaya bayan ɗaya, ya wuce sumul. Da yake na san Kaftin ba ya son gardama, sai na yanko tiyonsa na maƙala a baki da baki, inda ido ke gani. Ya dawo ya kunna, jar fitila ta kama. Ya dafa kafaɗata. Ranar har tafiyata ta canza.

Bayan wata biyu aka ɗora jirgin a kan sikeli uku. Hagu ya ɗan rinjaya. Kaftin ya sosa gemu, ya zargi simintin rumfar. Muka zauna shan gahawa, sai ya shiga yi mini karatu, don yana son ɗalibi.

"Ka san amfanin zoben robar nan? Jirgi rawa yake yi, Ya Hajji, ba ya tsayawa. In ƙarfe ya kwanta a kan alminiyum, zarto ya zama. Yana ci, yana ci, ba ka ji. Ga sandar da ke juya jirgin nan kusa, ga tankin mai a cikin fiffiken. In ya cinye waya ta yi tartsatsi..." Ya hura iska a tafin hannunsa.

Kofin ya faɗi daga hannuna. Na ce zafi ne.

Ya ce, "Ranar Asabar in sha Allahu zan tashi."

Kwana biyar ke nan. Ban san tsawon kwana biyar ba sai a makon nan. In na faɗa, na san iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta ƙare, in koma gida da sunan tsohon da ya yi wa ubangidansa ha'inci. In na yi shiru, mutumin da ya kai ni aikin Hajji zai hau sama da zartona a gefensa. Ina tuƙa uwargida a unguwar Ulaya, fitila ta ba da hannu ina tsaye, ana ta danna mini ham. Hanya ta bi da ni ta gefen maƙabartar Al-Oud, na kau da kai kamar wani a ciki zai gane ni. Sau uku ina buɗe baki a gaban Kaftin. Na farko na tambaye shi lafiyar gwiwarsa. Na biyu na ce dabino ya yi kyau bana. Na uku tari kawai na yi.

Asabar da hantsi muna filin tashi a cikin sahara. Ya yi alwala, ya yi raka'a biyu, ya miƙa mini wayarsa da makullin mota. Ya ce, "Riƙe, in na sauko ka ba ni." Wannan "in" ɗin ya tsaya mini a kunne.

Injin ya tashi. Fiffiken hagu ya kama karkarwa, jar fitilata tana kallona. Wallahi a cikin ƙarar nan ni kaɗai nake jin ƙarfena yana ci. Tayoyi suka fara mirginawa. Ban san lokacin da na zubar da takalma ba. Ni da ko iƙamar sallah ba ta sa ni gudu, sai ga ni na rungume bakin fiffike, iska ta tafi da hulata, ina ihu da Hausa, Larabcin duk ya gudu.

Ya kashe injin, ya ɗaga murfin gilashi. "Ka haukace ne? Farfela za ta raba ka biyu!"

Na faɗa masa komai, ina durƙushe a yashi. Ya sauko, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin fiffiken, ya kwance murfi ɗaya ya zura hannu. Da ya zaro, yatsunsa sun yi fari fat da garin alminiyum, alhali jirgin ko ƙasa bai bari ba. Ya daɗe yana kallon yatsun.

Da na tabbata yana raye, kuma yau ba tashi, sai bakina ya dawo, don shi ba ya jin magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk da haka ka duba wayar. Ko sawun haƙori ɗaya babu. Ɓera bai taɓa ta ba."

Ya goge hannunsa a gefen rigata, a hankali, yatsa bayan yatsa.

Ya ce, "Ɓera ɗaya ne ya taɓa shiga fiffiken nan, Ya Hajji, kuma ni ne kafilinsa."