Littafin Ƙunshe Ƙusa

Mutumin yana bakin shagon kayan gini, furfura ta fara cin gemunsa, sai kai-komo yake, ba ya sayen komai. Mai shago yana yagar shafukan wani littafin labari yana ƙunshe ƙusoshi, kowace yaga sai mutumin ya runtse ido. Hoton da ke bangon littafin nasa ne, tun da sauran ƙuruciya. Da alama littafin bai yi kasuwa ba.

Wani kafinta ya warware ƙunshinsa, ya tsaya karantawa.

"Kash, a nan ya yanke! Shin matar ta dawo kuwa?"

"Ta dawo," in ji mutumin. "Ashe bai kamata ta dawo ba."

Ya lalube aljihunsa, bai samu biro ba.

"Mai shago, don Allah ara mini biro."