Dawakan da Sunka Kife

Ƙanena Ɗantala bai iya noma ba, wannan duk Dewule an sani. In ka ba shi hauya sai ya tsaya yana kallon tsuntsaye, gero na neman ceto. Shi ya sa ranar da ya bi samarin garinmu ci-rani Abijan babu wanda ya riƙe mishi riga. Wasu sun yi tallan agogo, wasu gashin nama. Shi kuwa Allah ya haɗa shi da wani mai manej, lilon nan mai kewayawa da ake kafa wa dawakan katako, yara su hau a juya su. Nasu ba na lantarki ba ne, ƙato ne ke turawa da ƙirji, ƙaton nan kuwa ƙanena ne. Shi ke yi wa dawakan fenti, shi ke faci in rufin ya yage. Har furfura ta fito mishi yana tura ɗiyan mutane, yana share musu majina, yana yi musu waƙa da Faransancinsa mai karyayyar ƙafa.

Tashi ɗiyar kuwa, Bushira, ko ɗaukarta bai taɓa yi ba. Ita ce ta fari, kuma a wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi mishi wasa. Ana yaye ta anka miƙo mini ita Madawa inda nake aure. Samarin yanzu da yawa sun yar da wannan al'ada, amma Ɗantala ya riƙe ta gam. Ni dai na san ƙanena. Rabi kunya ce, rabi kuwa nauyin shekarun da ba ya nan, ya samu wurin ɓuya ya shige. In zai yi maganarta sai ya ce "waccan". In yana son faɗa mata wani abu, ni zai kalla.

"Yaya, ki ce ma waccan ta kawo ruwa."

Tana zaune nan kusa da ƙafarsa fa! Ni kuma in juya kamar wawuya in ce, "Bushira, kawo ruwa."

Da gwiwa ta hana shi turi ya dawo gida gaba ɗaya. Bara ya zo Madawa neman maganinta ya sauka wurina, daidai lokacin da Bushira ke shekarar ƙarshe a lakkwal, makarantar koyon sana'a, ɓangaren ɗunki da buga zane a yadi. An ce za a yi karmes, bikin wasanni na ƙarshen shekara, kowace ɗaliba ta buga yadinta da kanta ta ɗunka wani abu na wurin wasan. Waɗanda aikinsu ya yi kyau za a sallame su da keken ɗunki. Bushira ba ta da buri a duniya da ya wuce keken nan, ko a mafarki taka shi take yi. Da anka raba aiki sai rufin rumfa ya faɗo kanta, zagayayye irin na manej, mai hoton dawaki.

Yarinyar da ba ta taɓa ganin manej ba sai a waya! Ta sassaƙa hatimi, ta tsoma a fenti, ta danna a ƙyalle, abin da ya fito wallahi tunkiya ce mai mura. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ɗantala yana gindin dalbejiya ya miƙe ƙafa, bai yi dariya ba.

"Yaya, miƙo mini tsohon takalmin robar nan da reza."

Kafin la'asar ya fitar da doki a gindin takalmin, wuya a lanƙwashe, ƙafafun gaba a sama. Bai ba ta ba. Aje shi ya yi kusa da turmi, ya ce, "Ki ce ma waccan ta duba ta sassaƙa nata. Kada ta kai nawa, ba aikinta ba ne."

Haka munka yi makonni, shi ya faɗa, ni in maimaita, ita ta yi. Ki ce ta rage ruwa a fentin. Ki ce ta shimfiɗa bargo ƙarƙashin yadin. Ki ce kada ta murza, ta danna ta ɗaga. Bakina ya gaji, na ce da shi, "Kai Ɗantala, ni rediyo ce?" Amma ban taɓa ganin ƙanena cikin farin ciki kamar kwanakin nan ba. Tsakar gidana ta cika da dawaki ja da shuɗi a kan igiyar shanya, shi kuma yana satar kallonsu, yana satar kallon mai su.

Saura yanka da ɗunki sai anka yi mana rasuwa a Tama, dangin maigidana. Na tafi gaisuwa na kwana. A ranar nan Bushira ta yi yanka.

Rufi irin wannan gunduwa-gunduwa ake yanka shi, kowace tsukakkiya a sama, mai faɗi a ƙasa. A lakkwal an koya musu dabarar tattalin yadi: ka aza ma'aunin takarda kai sama, na gaba ka juya shi kai ƙasa, su shige juna babu asara. Dabara ce mai kyau in yadin ba shi da hoto. Bushira ta kife yadin tana zana alli a bayansa, ba ta ganin inda dawakan sunka fuskanta. Ɗantala kuwa ya sani sarai, ya sha ɗunka irinsa. Yana zaune, in ya miƙa sandarsa zai taɓa tabarmarta.

Ya yi tari. Ta ɗago ta kawo mishi ruwa, ta koma ta ɗauki almakashi. Ya sake tari. Ya leƙa ƙofa ko zai ga wata maƙwabciya, babu kowa, ranar kasuwa ce. Daga baya ya faɗa mini maganar ta zo mishi har bakin haƙora, sai ya rasa da mi zai fara. Bai san yadda zai kira ta ba. Yana cikin neman kalma almakashi ya shiga yadin.

Da na dawo na tarar da ita zaune a ƙasa, gunduwoyi kewaye da ita, rabinsu dawaki tsaye, rabi ƙafafu sama. Babu sauran yadi, kuma ko da akwai, fenti ba zai bushe kafin karmes ba. Ba kuka take ba, ido dai ya yi jawur. Shi kuma na same shi bayan ɗaki ya dafe kai.

"Na gani, Yaya. Tun kafin ta yanka na gani."

Kai, ranar nan na wanke shi tas. Na ce, "Ɗiyan Abijan da ba ka san iyayensu ba ka kira su da suna, ka goya su, taka ta cikinka ka bar ta ta yanka wahalarta kana tari kamar tsohon akuya? Wace irin kunya ce wannan?" Ashe Bushira na bayan zana tana jin mu.

Ta ɗunka rufin haka nan, ɗunki mai kyau kuwa, ko zare ɗaya bai karkace ba. Ranar karmes anka kafa rumfar, yara sunka taru suna leƙe da kai a karkace suna ihu, wai dawaki na tsalle-tsalle. Malamai dai ba su yi dariya ba. Madam ɗinsu ta yaba bugun, ta yaba ɗunkin, ta ce amma yanka shi ne rabin sana'a. An ba Bushira takardarta, keke kuwa wasu sunka tafi da shi. Ɗantala bai shiga ba, a bakin katanga ya tsaya da sandarsa tun safe har anka watse.

Yanzu Bushira tana wurin wani tela kusa da tasha, tana taka keken mutane. Shi ya koma Dewule, amma ba ya wata bai zo ba, wai gwiwa. Gwiwar ta daɗe da yin sauƙi, kowa ya sani. Zuwansa na ƙarshe ya iso da wuri, ya zauna, ya yi ta murza hula. Na ga alama akwai abin da ya shiryo tun daga hanya, sai na kama bakina. Da ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi, ya ɗaga ido ya dube ta sosai, abin da ban taɓa gani ba. Ya buɗe baki.

"Ke... ranar nan da kika yi yanka..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta juyo wurina, cikin ladabi, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Gwaggo, ki ce mishi ba komi. Ki ce mishi ya wuce."

Ya juyo shi ma yana kallona, yana jira. Ni kuma na kasa maimaitawa.