Kwamfutar da Aka Ce ta Wani Yaro Ce

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan fili ina jinjina wa masu tona kansu, yau layi ya zo kaina. Lokacin da abin ya faru ina da ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a garin Birnin Gwari. Ban daɗe da dawowa daga koyon aiki a Kaduna ba, kowa injiniya yake ce min, ni kuwa har na yarda. Wannan girman kan ne ya sa na goge hotunan wani mamaci da muryarsa, waɗanda su kaɗai suka rage wa iyalinsa.

Wata ranar kasuwa wani dattijon Bafulatani daga wajen Randagi ya sauka daga mashin a ƙofar shagona. Ya zo da tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, an naɗe ta a zani an ɗaure da igiyar shanu. Na tsokane shi na ce wannan ai ta kusa girme ni. Bai yi dariya ba. Ya ce ta wani yaro ce, shekara shida ba a kunna ta ba, yana so a tashe ta. Na tambayi ina yaron, ya kalli ƙasa ya ce ba ya nan. Ban ƙara tambaya ba, domin hankalina ya riga ya tafi kan yadda 'yan layinmu za su yaba min idan wannan tsohuwa ta tashi.

Aiki kam na yi mata. Na fitar da gidan zanzaro biyu daga cikinta, na canza akwatin wutar da ya ƙone, na wanke ta tas. A kwana na uku fankarta ta juya, amma da ta zo buɗewa sai ta cije. Maigidana da ya koya min aiki a Kaduna ya sha gaya min cewa kafin a taɓa rumbun kwamfuta, wato inda take ajiye komai, a ciro shi a kwashe abin da ke ciki. Na sani sarai. Sai dai rumbun irin na da ne mai faffaɗar waya, abin haɗa shi kuwa sai an aika Kaduna, ni kuma ba ni da haƙurin jira. Na ce a raina me makiyayi zai ajiye a kwamfuta? Na yi mata formatin. Sau biyu ta tambaye ni ko na tabbata, domin komai zai goge, sau biyu na danna. Don neman suna kuma na cika ta da wa'azi da fina-finai. Har allon rubutunta, wanda yatsu suka cinye haruffansa, na jefa a kwandon tarkace na sa sabo.

Kasuwa ta zagayo, dattijon ya dawo riƙe da hannun wata yarinya 'yar shekara biyar, an yi mata sabon kitso. Ya ce in kunna mata, shi kuma ya koma bakin ƙofa ya juya baya. Na kunna ina taƙama. Yarinyar ta ƙura wa gilashin ido, can ta yi magana da Fulatanci. Mai mashin ɗin da ya kawo su, ɗan ƙanen dattijon, ya ce tambaya take yi ina babanta. Shi ne ya ja ni gefe ya gaya min. Mai kwamfutar ɗan farin dattijon ne, malamin makarantar makiyaya, an kashe shi a hanyar daji matarsa na da ciki. Da suka tashi daga rugarsu, a bayan bijimi aka ɗauko kwamfutar, domin a cikinta hotunansa suke, da muryarsa yana koya wa yara karatu. Yarinyar ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba, kakanta ya yi mata alkawari.

Edita, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Maimakon in faɗi gaskiya sai na ƙara da ƙarya, na ce danshi ya riga ya lalata rumbun tun kafin a kawo. Dattijon ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya yi min godiya, har ya miƙo min ƙwaryar man shanu. Abu ɗaya ya tambaya, ina tsohon allon rubutun. Na tono shi daga kwandon, ya goge shi da bakin rawaninsa ya cusa a cikin riga.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, ina neman wanke kaina, na ce laifinsa ne, me ya hana shi cewa ta ɗansa ce? Ta dube ni ta tambaye ni, tun da ta haife ni, na taɓa jin sunana a bakinta? Ni ne ɗan farinta. Wannan yaron take ce min, har yau da nake da gemu. Ta ce duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san idan babba ya ce wani yaro ya sunkuyar da kai, nasa ne na fari. Man shanun nan ta ce ba za a ci shi a gidanta ba.

Bayan mako biyu na hau mashin har inda suke, na faɗa masa gaskiya, na karɓi rumbun na kai Kaduna. Aka ce da a formatin na tsaya da an ceto wani abu, amma fina-finan da na loda sun hau kan komai. Da na mayar masa ya ce ya yafe.

Jan hankalina ga 'yan'uwana masu gyara shi ne, kada ku danna goge sai kun kwashe, kome tsufan na'ura, kome kamannin mai ita. Kuma ku saurari abin da mutum ya kasa faɗa, domin mutanenmu abin da suka fi so shi suke jin kunyar ambata. Yarinyar nan yanzu ta shiga makaranta. Duk ranar kasuwa idan suka wuce ta ƙofar shagona sai ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuwa har yau ban iya kallon fuskarta ba.