Ƙarfen da takarda ta ce babu shi

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba, har wasu sun fara tambayar Binta matata ko an kama ni ne babu iƙama, wato takardar izinin zama. Ba a kama ni ba. Jinya na yi, kuma yau zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji.

Ga waɗanda ba su sani ba, kafin in zo ƙasar nan ci-rani in zama direban gida a unguwar Abhur, soja ne ni. Shekara ashirin da shida da suka wuce, a ƙasar da aka tura mu yaƙi, bam ya tashi kusa da motarmu ya wurgo ni ƙasa. Na farfaɗo a tanti, cinyata ta hagu a ɗinke. Da na yi ritaya na duba takardar sallamata, sai na ga an rubuta: ya faɗo daga mota.

Shi ke nan. Kamar buhun masara.

Tun daga nan duk inda na ce an ji mini rauni a fagen fama, sai a yi murmushi. A majalisarmu ta shayi a unguwar Bani Malik har suna suka sa mini, Saje Faɗo-Mota. Ina dariya tare da su, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Ciwon ya fara ne da tsami in na daɗe a tuƙi. Sai kumburi, sai zazzaɓi. Wata Juma'a na kasa tanƙwasa ƙafar a sujada, na yi salla a kan kujera kamar ɗan shekara tamanin. Binta ta ce, “Malam, halas, ya isa haka, gobe asibiti, ko ka yarda ko kar ka yarda.”

An ɗebi jini, an auna, an ce sai an saka ni a na'urar hoton nan mai kama da rami, wadda maganaɗisunta ke fizgar ƙarfe. Ma'aikacin ya tambaye ni ko akwai ƙarfe a jikina. Na ce akwai, na bam. Ya duba fayil ɗina, inda aka kwafe abin da takardar sallama ta ce, ya yi irin murmushin nan da na sani. Ya ce, “Ya Haj, nan faɗuwa aka rubuta. Yalla, kwanta.”

Na ce ba zan kwanta ba. Takarda ba ta je yaƙi ba, ni na je.

Hayaniyata ce ta fito da wata likita, Bahausar Sudan. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce da Hausarta, “Baba, kar ka shiga. A yi hoton ƙashi tukun.”

Hoton ya fito da ɗigo uku farare a cinyata, babban kamar ƙwayar wake, ya matsa kusa da jijiya, ƙwayar cuta ta taru a kansa. Ta ce da na shiga na'urar can, zai iya motsawa ya yanke jijiyar.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Tsoron rasa ƙafa, da tsoron in mutu a matsayin maƙaryaci.

Aka yi tiyata. Kwana tara a kwance, allura safe da yamma, wankin ciwo da ya sa tsohon soja kiran uwarsa. Da na ji za a zuba ƙarfen a shara, na ce a kan me? Nawa ne, na fi kowa daɗewa da shi. Likita ta sa mini shi a 'yar kwalba, ta rubuta rahoto cewa ɓarɓashin bam ne, ta buga hatimi.

Ina koyon tafiya da sanda na aika rahoton gida, ofishin da ke riƙe da bayananmu. Suka ce ba a taɓa tsohon fayil. Na sake aikawa. Suka ce sai da shaidar wanda yake wurin. Da alama sun ɗauka duk mun mutu.

Binta ce ta lalubo Kofur Danladi, wanda muke tare ranar da bam ɗin ya tashi, ta hannun wata 'yar garinsu. Da na kira shi, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, “Oga Haladu! Ni na saɓo ka a kafaɗa, jininka ya ɓata mini kaki, har yau ban yafe ba.” Muka yi dariya, daga baya kowa na jan hanci. Da ƙafarsa ya je ya yi rantsuwa ya sa hannu.

Takarda ta biyar da na aika ita ta fasa su. Shekaranjiya gyararriyar ta iso: an ji masa rauni a fagen fama.

Na gode wa Allah. Na gode wa Binta, da likitar da ta saurari tsoho, da Danladi, da kafilina, maigidan da nake wa tuƙi, da bai ba wani motar ba. 'Yan majalisa ma na gode, ku kuka yi ta zuwa dubiya da lemo.

Shawarata: ciwo in ya wuce sati, a je asibiti. In ka san akwai ƙarfe a jikinka, faɗa da ƙarfi, ko fayil ya ƙaryata ka. Tsofaffin sojoji, ku karanta takardunku yau, tun shaidunku na da rai.

Jiya na koma majalisa ba sanda. Malam Sabo ya ɗaga kofi ya ce, “Ga Saje Faɗo…” Ban bari ya ƙarasa ba. Na ajiye kwalbar a kan tiren shayi, na ajiye takardar a gefenta, na ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ya karanta. Sannan ya miƙe tsaye, da tsufansa da tumbinsa, ya sara mini.