Tagar da Ban Sa wa Suna Ba

Sun ce wanda ya tsufa da alƙalami da tawada ba zai taɓa sarrafa kwamfuta ba, balle ya gina mata manhaja. A majalisarmu ta Kaura Namoda har cewa aka yi in bar wa jikoki. Na yi ritaya ina magatakardan kotu, kuma na san irin wahalar da rabon gado yake ba alƙalai.

Jiharmu tana sabuwa na sayi tsohuwar kwamfuta, da littafin koyon wani tsari wanda ake ba mutum taga fayau a fuskar kwamfuta, ya jawo maɓalli da linzamin kwamfuta ya dasa, sannan ya rubuta masa aikinsa. Na daɗe maɓallina yana zaune kamar dutse, a danna shi bai motsa ba. Daga baya ya ji magana. Na yi gurbin mata, na 'ya'ya, na iyaye, kowa da rabonsa na gado. Na gwada da gadon wani garke a Zurmi, lissafi ya fita daidai da na malamai.

Akwai ƙaramar taga ta ƙarshe inda mai aiki yake sa sunansa. Malamanmu sun hore mu cewa mai kwafar littafi ba ya tallar kansa. Saboda haka na rubuta: "Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta."

Wani abokina na Shinkafi, wanda muka zauna benci ɗaya tun elemantare, ya zo ya gani.

"Magatakarda, ashe tsohon biri bai manta hawa ba! Ba ni ita a faifai in kai maka Gusau wajen manya."

Na ba shi, har na raka shi tasha.

Bayan an fara Shari'a na shiga wata kotu gaisuwa, sai ga tagata a kan teburin magatakarda. Launin da na zaɓa, jerin da na yi. Na nemi a buɗe tagar ƙarshe. Addu'ata tana nan, ba a taɓa ta ba. A ƙarƙashinta an ƙara sunan abokina.

Da muka haɗu, dariya ya yi.

"Haba Alhaji, ai wurin na tarar babu kowa."

Ban kai ƙara ba, kuma ban sake cin abinci a gidansa ba. Abu guda nake so a rubuta: tagar nan a ɗakina ta fara buɗewa, a Kaura Namoda, ranar Laraba ta farko a watan Rajab, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a.