Hulunan Kibod ɗin Baffa

A shekarun da ake kwasar samari a kasuwar Gadarif ana kai su horon soja, takarda ta fi tuwo daraja. Wanda ba shi da ita a aljihu ba ya ƙetare titi da kwanciyar hankali. Mu kuwa masu buga takardu, kakarmu ta yanke saƙa. Shagonmu yana bayan layin masu dawa, tebur biyu, kwamfuta biyu, ni da Baffa.

Baffa aminin mahaifina ne, shi ya koya min bugu tun a kan tafireta. Shi ne kuma ya shekara bakwai yana yarfa ni a gaban mutane. In na gama takarda sai ya karɓa ya ɗaga ta sama, ya ce wa mai ita, "Bari in duba maka, ya zol, bawan Allah, yatsun mace na tuƙa tuwo ne." Ni kuwa sai in gyara mayafi. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba.

Kibod ɗinmu iri ɗaya ne, tsofaffi masu nauyi, kowane maɓalli da ƙarfensa a ƙasa, in ana bugu har mai shayi a waje yana ji. Ni tuni na daina kallon hannuna. Baffa kuwa da yatsa biyu yake aiki, sai ya ga harafi zai danna shi, kuma dukan tafireta yake yi wa abin. Haruffan Larabcin nasa suka soma gogewa, alif ya fara tafiya, lam ya bi shi, har tsakiyar kibod ɗin ya zama sumul yana ƙyalli. Sai ya koma wa abin da ya sani: ya yanka 'yan takardu, ya rubuta haruffa da tawadar allo, ya manna da ƙaro. Kafin azahar gumi ya narkar da ƙaron, ya tashi da haruffa manne a yatsu. Na yi dariya har da hawaye.

Da kakar riɗi ta matso, mai shago ya ce mana tebur ɗaya zai bari, ɗayan wurin injin kwafi zai sa. Wanda ya fi sauri shi zai zauna. Ina da uwa da 'ya'ya biyu a wuyana. Baffa ma yana da nasa, amma ban tsaya lissafa nasa ba.

Ga abin da na sani ban faɗa ba. Haruffan kibod ɗina suna nan raɗau, kuma ba na bukatarsu. Hulunan maɓallaina, wato robobin saman da ke ɗauke da haruffa, za su zauna a kan nasa daram, tunda uwa ɗaya ta haife su. Musanyar ba za ta ci rabin awa ba. Shi girman kai ya hana shi tambaya, ni mugunta ta hana ni tayi.

Wata safiya ya shigo da fara'a, ɗauke da wani kibod marar nauyi da ya samo wurin mai gyaran rediyo. Wayar kibod ɗin ta mutu, amma haruffansa sababbi ful. Ya ajiye a gabana.

"Ya binti, ke yarinya, dubi wannan. In na cire hulunan na sa wa nawa, za su shiga?"

Ranar ce ta farko da ya tambaye ni wani abu. Na taɓa buɗe irin wannan kibod ɗin, na san ƙasan hularsa bututu ne mai kusurwa huɗu, namu kuwa ƙafarsa gicciye ce. Ko da guduma ba za su haɗu ba.

Na ce, "Hula ai hula ce, Baffa."

"Tamam," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Da wani ne da ya gwada guda ɗaya tukuna. Amma Baffa mutumin tafireta ne, a wurinsu in za a yi gyara sai a kwance komai a baje. Ya sa wuƙa ya ɓamɓare hulunansa duka, ya watsa su cikin kwandon shara, mai shara ya wuce da su. Sannan ya ɗauki sabon alif ya ɗora. Ya ƙi zama. Ya juya shi, ya ƙi. Ya sa babban yatsa ya danna da ƙarfinsa, na ji ƙas. Bai yarda ba, ya gwada lam, shi ma ya karya ƙafar. Ina zaune ina bugu, ban ko juyo ba, amma kunnena yana wurinsa.

Ranar kuwa ranar ɗaukar ma'aikatan gona ce, masu manyan gonaki sun cika ƙofa suna son takardun yarjejeniya, motoci na jira za su kai ma'aikatan garin Basunda. Layin Baffa ya dawo nawa ɗaya bayan ɗaya. Shi yana zaune gaban kibod tsirara, gumi na ɗiga daga gemunsa. Mai shago ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Hajj. Ma'alesh, yi haƙuri, je ka huta." Baffa ya ɗauki butarsa da tabarau ya fita. Na ji daɗi a ranar, daɗi sosai.

Bayan wata biyu na ɗago kai na gan shi a layi, tsakanin wata tsohuwa da wani direba. Bai tsallake kowa ba, ya jira har aka zo kansa. Ya ce takardar neman taimako yake so zuwa ofishin zakka.

Na ce, "Me zan sa a dalili, Baffa?"

"Rubuta cewa idona ne ya mutu, shi ya sa na bar aiki."

Idonsa lafiya lau, ni da shi mun sani. Na buga yadda ya ce. Ya tsaya a kaina yana kallon yatsuna, na miƙa masa takardar ina jiran ya ɗaga ta sama ya nemo kuskure. Bai karanta ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Hannunki ya yi kyau, 'yata," ya ce. "Ni na koya miki."